Ƙari biyu a hanjin Baba: a huda ko a farka?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Likitocin gidan nan, a taimaka mana da shawara. Muna Alƙahira da mahaifinmu, shekararsa 63. An haska masa babban hanji da kyamara, aka ga ƙari har guda 2: ɗaya a dama, can inda babban hanjin ya fara, ɗaya a hagu ƙasa, kafin a kai dubura. An yago kaɗan daga kowanne an gwada, duk biyun ciwon daji ne. Hoton CT bai nuna komai a hanta ko huhu ba, alhamdu lillahi. Likitan nan ya ce tiyatar huda zai yi masa, wadda ake zura kyamara, ya yanke na dama ya haɗa, ya yanke na hagu ya haɗa, duk a shiga ɗaya. Amma likitan da ya fara duba shi a gida cewa ya yi in ƙari ya kai biyu, farka cikin ake yi a cire hanjin gaba ɗaya kowa ya huta. Yayyena sun rabu gida biyu, waya sai shigowa take yi. Wanne za mu ɗauka?

Hajiya Asabe: Subhanallah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Sannunku Nafi'u.

Ɗan Baiwa: Ɗan'uwa ni shawarata kada ku bari ƙarfe ya taɓa shi sam. Daji in wuƙa ta taɓa shi bazuwa yake yi, mun sha gani. Balle wannan da za su hura wa mutum iska a ciki. Ai ga shi ma ya riga ya yaɗu tunda ya zama biyu.

Dakta Sani: Wa alaikumus salam Nafi'u, Allah ya tashi kafaɗun Baba. Ni aikina ke nan, tiyatar hanji, a Ingila nake. Ban ga Baba ba, ban ga hotunansa ba, don haka abin da zan faɗa na fahimta ne kawai, hukunci na wanda zai riƙe wuƙa ne.

Da farko, ƙari biyu ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kowanne da kansa ya tsiro daga fatar cikin hanji, kawai an riske su lokaci guda ne. A cikin mutum 100 masu dajin babban hanji, ana samun kamar 3 ko 4 da irin wannan, kuma ya fi yawa a maza da dattawa. Wanda ya fi nisa a cikin biyun shi ake bi wajen faɗin matakin cutar da kuma ko za a yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, daga baya.

Sannan yayyenka sun cakuɗa tambayoyi biyu ne. Ta ina za a shiga cikin, wannan daban. Nawa za a cire na hanjin, wannan ma daban. Ana cire hanjin duka ta huda, ana kuma yanke gida biyu ta farka. Ta biyun ce Baba zai rayu da ita har ƙarshen rayuwarsa, ita ya kamata ta hana ku barci.

Nafi'u: Na gode Likita. Wallahi mu duk tunaninmu yana kan girman yankan.

Dakta Sani: Haka kowa yake. Malam Ɗan Baiwa kuma, maganarka ta iska ba daga sama ta faɗo ba. Lokacin da Moises Jacobs da abokan aikinsa a Miyami suka ba da rahoton yanke hanji ta huda a 1991, ba a jima ba aka fara samun labarin daji yana tsirowa a bakin hudar, har likitoci da yawa suka ja baya. Shi ya sa aka yi manyan gwaje-gwaje. Na Amurka da Kanada mai suna COST, wanda ya fito a 2004, mutum 872 aka raba gida biyu da ƙuri'a, wasu huda wasu farka. Bayan shekara 3 dawowar cutar kashi 16 cikin 100 ne a masu huda, 18 a masu farka, wato kunnen doki. Tsirowa a bakin rauni kuwa bai kai kashi 1 ba a kowane ɓangare. Masu huda sun yi kwana 5 a asibiti, masu farka 6, kuma ba su sha maganin ciwo da yawa ba. Yanzu ma sai an saka wa bakin yankan zoben roba kafin a zaro hanjin, ƙarin ba ya gogar nama.

Abin da ka gani na mutuwa bayan tiyata, yawanci an kawo mutum ne cutar ta riga ta ci ƙarfinsa. Wuƙar ta zo a makare ne.

Ɗan Baiwa: To, Turawa ne suka gwada a kan Turawa.

Dakta Binta: Salamu alaikum. Ina tiyata nan gida, kuma ni ma ina yin huda idan kaya sun samu. Dakta Sani, ranka ya daɗe, duk abin da ka kawo gaskiya ne, amma ka bar rabin zancen a aljihu. Waɗannan manyan gwaje-gwajen masu ƙari ɗaya aka yi wa. Gwajin CLASICC na can wajenku Ingila, wanda ya fito a 2005, ƙarara ya ce ban da masu ƙari biyu. COLOR na Turai ma mai ƙari ɗaya tak suke ɗauka. Irin Baban Nafi'u a bakin ƙofa aka tsayar da su. Abin da muke da shi a kan masu biyu rahotanni ne na asibitoci ɗaiɗai, yawanci daga Japan da Sin da Koriya ta Kudu, mutane kaɗan-kaɗan, kuma likitan da kansa ya zaɓi wanda zai huda. Wa zai zaɓi mai wahala? Dole sakamako ya yi kyau.

Ga kuma lissafin da Holan ta fitar a 2014, na marasa lafiya sama da 25,000: kashi 3.5 ne masu ƙari fiye da ɗaya, kuma sun fi sauran gamuwa da matsala bayan tiyata. Don haka kada Nafi'u ya ɗauka 'yar huda ce kawai a sallame su. Babban aiki ne ko ta ina aka shiga.

Dakta Sani: Ban musa ba, Dakta. Hujjar a kan masu biyu ba ta kai ƙarfin ta masu ɗaya ba, kuma da wuya a taɓa yin babban gwaji a kansu don ba su da yawa. Amma duba ta nan: mai ƙari dama da hagu, in za ki farka shi, daga ƙahon zuci har mara za ki tsaga don hannunki ya kai kusurwa biyun. Kyamara kuwa juya ta kawai ake yi. Huda 5 ko 6, kowace ba ta wuce faɗin yatsa ba, sai yanka ɗaya na kamar santimita 5 ko 6 a cibiya ko a mara, a zaro guntayen biyu ta nan. A ganina wanda ya fi kowa cin ribar huda shi ne mai ƙari biyu masu nisa da juna.

Dakta Binta: Idan hannun ya ƙware. COST ɗin da ka ambata, huda minti 150 ta ɗauka, farka 95, a kan ƙari ɗaya fa. Ka ninka aikin, dattijo kwance an karkata shi kai ƙasa, ciki cike da iska tana danne masa huhu. Sai zuciya da huhu sun yarda tukuna.

Abu na biyu, hannu yana gani. Mai farka yana bin hanjin da yatsunsa daga farko har ƙarshe, ya ji taurin da ido bai gani ba. Mai huda ba shi da wannan. Nafi'u, ka tambaye su: ƙaramin a cikin biyun, an yi masa alama da tawada lokacin da aka haska?

Nafi'u: Tawada kuma, Anti Likita?

Dakta Binta: E, tawada baƙa ta musamman. Mai haskawa yana yin allurarta a bangon hanji daf da ƙarin, sai ta fito ta waje kamar tabo. In ƙarin ƙarami ne, daga waje hanjin lafiya lau yake, ba tabon nan mai kyamara zai iya yanke inda ba nan ba. An sha ba da rahoton haka. Na daman Baba ba lallai ya buƙata ba, don mahaɗar ƙaramin hanji da babba ita kanta alama ce. Na hagun nake ji.

Amma akwai abin da Baba ya yi sa'a a kai: tunda an ga na dama, ke nan kyamarar ta wuce na hagu ta kai ƙarshe, an ga hanjin duka. Mu nan yawancin masu zuwar mana ƙarin hagun ya riga ya toshe hanya, kyamara ba ta wucewa, wani ma da kumburin ciki da amai ake kawo shi tsakar dare. Irin wannan ba maganar huda ake ba, ceton rai ake. Kuma ba ka san me ke ɓoye a sama ba. Ƙa'ida ita ce a yi masa hoton CT na hanji in zai yiwu, ko a sake haska shi cikin wata 3 zuwa 6 bayan tiyata. Nawa ne suke dawowa? Mutum ya ji sauƙi, ya sayar da gona ya biya na farko, sai dai ka ji labari.

Nafi'u: Na duba takardar, wani ɗalibi ɗan Kano ya fassara min. An rubuta an yi alama a na hagun.

Dakta Sani: Madalla, wannan alamar masu lura ne. Yanzu mu zo kan babbar maganar. Babban hanji kamar mita ɗaya da rabi ne. Ba ƙarin kaɗai ake cirewa ba, ana haɗawa da jijiyar jinin da ke ciyar da wurin tun daga tushe, da 'yan kaluluwar da ke jere a jikinta, don ta nan daji ke fara tafiya. Ana son mai duba nama ya ƙirga aƙalla 12. To a wajen Baba za a ɗaure jijiyar dama, a ɗaure ta hagu. Guntun da ya rage a tsakiya ya zama kamar fadamar da aka toshe mata magudanai biyu, saura ɗaya: jijiyar tsakiya, da wata siririya da ke bin gefen hanjin. In jinin bai isa bakin ɗinki ba, ɗinkin ba zai kama ba, sai ya yi yoyo, kashi ya zuba a ciki. Wannan shi ne abin da duk mai tiyatar hanji yake tsoro. Shi ya sa wasunmu ke barin reshen jijiyar hagu in ya yiwu, kuma yanzu akwai wani koren ruwa, ICG, da ake yi wa mutum allurarsa ana tsakar aiki, kyamara ta nuna inda jini ke kaiwa yana ƙyalli, inda bai kai ba ya yi duhu. Ka tambaya ko suna da shi.

Dakta Binta: Ka ga ke nan likitan gida ba shirme ya faɗa ba, kuma ina so 'yan gidan su Nafi'u su daina ganin kamar shi ne bai waye ba. In aka cire hanjin aka haɗa ƙaramin hanji da saman dubura, ɗinki ɗaya ne maimakon biyu. Hanjin da ya fitar da daji biyu kuma ya nuna halinsa, zai iya fitar da na uku. In an bar tsakiyar, sai an riƙa haskawa: bayan shekara 1, sannan lokaci-lokaci har tsufa. In an cire, ɗan abin da ya rage gajeriyar kyamara ta isa ta duba shi cikin 'yan mintuna. Likitan da ya san mutanensa ba sa dawowa, ya san kyamarar asibitinsa yau tana aiki gobe ta lalace, in ya ce a cire duka, ya yi lissafi.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki, don ni aka yi wa wannan da ake cewa a cire duka a huta. A Indiya aka yi min, ta huda kuma, tabon ma sai na nuna maka za ka gani. Alhamdu lillahi ina raye, ina kasuwata. Amma Nafi'u ɗana, kalmar hutu a cire ta. Watannin farko buta ba ta barin hannuna, dare da rana, kuma ruwa-ruwa ne. Har yau ranar Juma'a a ƙarshen sahu nake zama kusa da ƙofa. In zan yi doguwar tafiya a mota ba na karyawa, sai in sha ƙwayar tsayar da ciki tun asuba, in ɗauki kujerar bakin ƙofa. Yaji na bar shi, madara ma haka. Tuwon shinkafa da ayaba su ne abokaina. Da zafin bazara kullum da gishiri da sukari na ORS a aljihuna, don in na yi sake sai jiri ya ɗebe ni. Azumi kuwa sai da likita ya yarda, shekarar farko ban yi ba. Ya ragu sosai yanzu, jiki ya saba, amma bai koma kamar da ba.

Hajiya Asabe: Allah sarki Alhaji. Allah ya ƙara lafiya.

Dakta Sani: Alhaji ya gama min magana. Aikin babban hanji ke nan, tsotse ruwa da gishiri. Dakta Binta, ki cire wa ɗan shekara 63 shi, ki mayar da shi garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, ƙodarsa fa? Dattijo kuma riƙon bayan gida ba kamar na yaro ba ne. In tsakiyar hanjin Baba lafiyayye ne, ba tarin tsiro a jikinsa, jini yana kai masa, ni zan bar masa abinsa. Iyalin da suka iya kai shi Masar za su iya kai shi a haska shi bayan shekara.

Dakta Binta: Wannan iyalin, e. Ni ina maganar sauran ne.

Dakta Hafsat: Malamaina ku yi haƙuri in shigo, ni ɓangaren duba nama nake, har yanzu ina koyo. Akwai gwajin da zai iya raba gardamar nan, kuma ba a ambace shi ba. Duk mai ƙari biyu a hanji ya kamata a yi tunanin gado. Akwai ciwon Lynch, sunan Henry Lynch ne, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1966. Lahani ne a ɗaya daga cikin ƙwayoyin halitta masu gyaran kuskure, MLH1, MSH2, MSH6, PMS2. Shi ke kawo kamar kashi 3 na dajin babban hanji, kuma kowane ɗa ko 'ya na mai shi rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Mata kuma har dajin mahaifa yake kawo musu.

Abin da ya sa ya shafi tiyata: wani bincike na 2011 a kan masu Lynch da aka yanke musu ɓangare kawai ya nuna kashi 16 sun sake yin sabon daji cikin shekara 10, kashi 41 cikin 20, kashi 62 cikin 30. Shi ya sa in matashi ne mai Lynch ake karkata ga cire mafi yawan hanjin. Ɗan 63 kuma lissafin yana sauyawa, ana iya barin masa a riƙa haskawa duk shekara 1 ko 2. Gwajin farko a kan naman da aka riga aka yago ake yinsa, rini ne na musamman, ana ce masa MMR. Yaya Nafi'u, ka ce a yi a kan duk biyun, kafin tiyata in da hali. In ya nuna lahani ba shi ke nan an tabbatar gado ba ne, a dattawa sau da yawa tsufa ne ke kashe MLH1, sai an ƙara wani gwajin.

Malam Ɗan Baiwa da ke cewa Turawa, akwai namu. Masu bincike a asibitin koyarwa na Ile-Ife tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka sun fitar da sakamako a 2021, sun ga irin wannan lahanin gyaran kuskure a ƙarin 'yan Najeriya ya kusa ninka na Amurkawa, kuma namu sun fi zuwa da ƙuruciya.

Nafi'u: Ikon Allah. Ƙanwar Baba, Gwaggo, ciwon mahaifa ne ajalinta, ba ta kai 50 ba. Amma ba mu taɓa haɗa su ba. Likitan ma da ya tambaya ko akwai mai ciwon hanji a dangi cewa muka yi babu.

Dakta Hafsat: Allah ya jiƙanta. Ka koma ka gaya masa yau ɗin nan, da shekarunta. In za ka iya gano ko na cikin mahaifa ne ko na bakin mahaifa, ka gano, don na ciki ne ke tafiya da Lynch.

Dakta Sani: To, wannan ya sauya zancen. Dakta Binta, in gwajin ya tabbata, zan matso kusa da ke, ko da yake shekarunsa har yanzu suna ja na baya.

Dakta Binta: Ni kuma in ya fito lafiya, a bar masa tsakiyarsa, ba ni da ja. Amma a rubuta ranar haskawa ta gaba a manna a bangon ɗakinsa.

Nafi'u: Wata tambayar. Tafintan da ke mana zirga-zirga yana ta matsa mana mu koma wani asibitin da ke da robot, wai shi ya fi, amma kuɗin ya kusa ninkawa.

Dakta Sani: Tafinta yana da kamasho, ka sa wannan a lissafi. Robot ba shi ke tiyata ba, likita ne zaune a gefe yana sarrafa hannuwan. Na'urar mai suna "da Vinci" tun 2000 aka amince da ita a Amurka, tana da daɗin aiki a wuri mai matsi kamar ƙugun namiji, wajen ƙarin dubura na can ƙasa. Amma ko a nan ɗin, gwajin ROLARR na 2017, mutum 471, bai nuna ta fi huda ta hannu a fili ba wajen rage komawa farka. Ƙarin Baba ba a dubura yake ba. Kuma aikin dama da hagu, ya danganta da irin na'urar, wani lokacin sai an kwance ta an sake ɗaurawa. Kuɗin nan ku riƙe shi, kemo na iya biyo baya. Abin tambaya shi ne sau nawa likitan yake yin tiyatar hanji ta huda a wata, kuma ya taɓa yin mai haɗi biyu?

Sista Rabi: Sannunku da ƙoƙari likitoci. Ni nas ce a ɗakin masu tiyata, bari in faɗa wa Nafi'u abin da zai gani da idonsa, don ku likitoci kuna gama ɗinki kuke tafiya.

Kafin a shiga za a ba ku takarda ku sa hannu cewa in aiki ya ƙi ta huda za a farka. Kada ku ɗauka an cuce ku in hakan ta faru. Likitan da ya ga jini ko mannewa ya ajiye kyamara ya buɗe, shi ne mai hankali.

Washegari za a ce Baba ya tashi ya taka, a ba shi ruwa da abu mai ruwa-ruwa. Mutanenmu sai su ce rashin tausayi ne, su hana. Ku bar shi ya taka, shi ke tayar da hanji ya kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Zai iya cewa kafaɗarsa na ciwo, ragowar iskar ce, tana wucewa. Ranar da ya yi tusa ku yi murna, mu har tambaya muke yi kowace safiya, kada kunya ta sa ya ɓoye. Akwai allurar tsinka jini da ake yi a fatar ciki, sau da yawa har sati 4 bayan tiyatar daji, ku koyi yinta kafin a sallame ku.

Babban abin: yoyon ɗinki ba ranar farko yake nuna kansa ba, ya fi zuwa wajen kwana na 5 zuwa 7, wani ma ya wuce haka, lokacin mai huda ya riga ya koma masauki yana ganin ya warke don raunin waje ƙarami ne. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ka ga dattijo ya rikice yana sambatu, ku koma asibiti a daren, kada a ba shi Panadol a ce sai da safe. Kuma kada ku yanki tikitin dawowa sai likita ya ce. Ku karɓo takardar sakamakon nama da ta bayanin aikin da Turanci, da hotuna a faifai, don wanda zai ci gaba da duba shi a gida.

Dakta Sani: Sista ta fi mu gaskiya. A CLASICC kashi 29 na waɗanda aka fara da huda sai da aka farka su, lokacin hannu bai faɗa ba. Yanzu ya ragu ƙwarai, amma bai ɓace ba.

Malam Isuhu: Assalamu alaikum, daga Maraɗi. Ni abin da ke tsorata tsofaffinmu ba wuƙa ba ce, jaka ce, wadda ake manna wa mutum a fatar ciki bayan gida ya riƙa zuba a cikinta. Wani dattijo a unguwarmu cewa ya yi gara ya mutu da a fitar masa da hanji ta ciki, wai sallarsa ta lalace. Shin Baban Nafi'u za a sa masa?

Dakta Binta: Malam, a irin wurin da ƙarinsa yake, yawanci ba a buƙata. Masu ƙarin dubura na can ƙasa su ne suka fi samun jaka, wasu ta wucin gadi, a mayar bayan 'yan watanni, wasu ta dindindin. Amma mai haɗi biyu, in likita bai gamsu da ɗinkin ba, zai iya fitar da ƙaramin hanji na ɗan lokaci don kashi ya kauce wa ɗinkin har ya kama. Gara a gaya wa Baba tun yana farke, da ya farfaɗo ya shafa cikinsa ya ji roba. Hukuncin sallar kuma ku ne malamai.

Malam Isuhu: Abin da muka karanta, malamai suna ɗaukarsa kamar mai yoyon fitsari ne, wato mai uzuri. Abin da ke fita ba da ikonsa ba ba ya hana shi salla. Ya zubar da jakar ya tsabtace gwargwadon iko, ya yi alwala ya yi sallarsa. Wasu sun ce ya sabunta alwala kowace salla, a wajen malamanmu na Malikiyya kuma akwai sauƙi fiye da haka in abin ya lazimci mutum. Na gaya wa dattijon nan haka, amma 'ya'yansa sun riga sun mayar da shi ƙauye.

Sista Rabi: Matsalar jaka a wajenmu samunta ne da tsadarta, ga gumi yana ɓanɓare ta. In har aka sa wa Baba, ku sayo da yawa daga can, da hodar da ake barbaɗa wa fatar gefen.

Ɗan Baiwa: Ni dai har yanzu da za a fara gwada na gargajiya ko wata 3 ne.

Dakta Binta: Wata 3 ɗin nan ne ke mayar da mai huda ya zama mai toshewar hanji da ake kawo min ƙarfe 2 na dare. A yi addu'a, a sha zamzam, a yi tiyata.

Nafi'u: Na rubuta duka: gwajin MMR, maganar Gwaggo, koren ruwa, yawan aikin da likitan ke yi, jaka. Mu 'ya'yansa fa, akwai abin da ya hau kanmu?

Dakta Hafsat: Akwai. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi dajin hanji, ana so ya fara bincike daga shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano na ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Sauran jama'a ma Amurka ta sauko da shi daga 50 zuwa 45 a 2021. In kuma Lynch ya tabbata a jikin Baba, sai a gwada jininku ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gada ya fara haskawa tun yana ɗan 20 da wani abu ko 30, gwargwadon ƙwayar da ta samu lahanin. 'Yan'uwan Baba ma a gaya musu.

Hajiya Asabe: Likitoci ku gafarce ni, tun ɗazu nake son tambaya ina jin nauyi. Maigidana shekararsa 52, ya fi wata 6 yana ganin jini a bayan gida, wani lokacin da majina, kuma ya rame. Basir aka ce, jiƙo iri-iri ya sha, har mai tallan magani a mota mun saya. In ya je bayan gida sai ya ce kamar bai gama ba. Wannan ɗin ma sai an haska?

Dakta Binta: Hajiya, sai an haska, kuma ba wata mai zuwa ba. Basir yana zubar da jini, gaskiya ne, amma ba ya ramar da mutum, kuma mai basir ma yana iya samun ƙari a samansa. Ku je asibitin koyarwa ko babban asibitin da ke kusa da ku, ɓangaren tiyata, cikin satin nan. Abin farko da likita zai yi shi ne sa safar hannu ya duba duburar da yatsa. Ki shirya Alhaji tun a gida, don mazanmu a nan suke tubure wa su ce ba za a yi ba, alhali ƙari da yawa a wajenmu yatsa yana kai musu. A auna jininsa, a rubuta masa haskawa ta hanjin duka har ƙarshe, kada a tsaya a gajeriyar. In an ba ku rana mai nisa ki yi min magana ta gefe, in ga wanda na sani a garinku.